Kwanon Miyar Da Aka Ɗauke

Cokalin ya kusa kaiwa bakina aka ɗauke kwanon daga gabana.

Ba a hankali ba, fizgewa aka yi, har miyar ta ɗiga a farin ƙyallen teburin. Hannun ya dawo ya zare cokalin ma daga yatsuna.

"Ki gafarce ni, ranki ya daɗe. Wannan ba taki ba ce."

Muryar na gane kafin fuskar.

Na ɗaga kai a hankali... sai ga shi tsaye, farar riga, baƙar falmaran, ɗan tawul a dantse. Dogona. Mutumin da wata biyar rabon da in sa shi a ido, shi ne yake kallon saman kaina kamar bai taɓa sanin an haife ni ba.

"Kai! Wane irin rashin tarbiyya ne wannan?" in ji Gwaggo. "Mutum yana cin abinci a ƙwace masa?"

"A yi haƙuri. Akwai jatan lande a ciki. Niƙa shi aka yi, ba ya ganuwa."

"Innalillahi!" Umma ta dafe ƙirji. "Auta, kin sha?"

Na girgiza kai. Tun ina ƙarama jikina ba ya karɓar jatan lande.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ashe da gaske suna karanta takardar nan da aka cike," in ji Umma.

Ya ɗan rusuna, ya juya da kwanon ya tafi.

Baba ya bi shi da kallo. Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar.

Bari in faɗa muku yadda aka yi muka zo nan.

Baba ya yi ritaya bayan shekara talatin da biyar yana aikin shimfiɗa hanyoyi, sai ya ce zai kai mu yawon kwana bakwai a babban jirgin ruwa. Yayyena duk sun yi aure, aiki bai bar su ba, don haka mu biyar muka taho: Baba, Umma, ni, Gwaggo ƙanwar Baba, da ɗanta da kowa ke kira Likita. Gwaggo ce ta zaɓi jirgin, ta kuma ƙi faɗa mana sunansa, wai tana so ta ba mu mamaki.

Ta kuwa ba ni. Da na hango sunan a jikin jirgin ranar da za mu shiga, sai na ga ashe wanda Dogo yake aiki a ciki ne. Na lallashi kaina da cewa ma'aikata sun fi dubu, ɗakunan cin abinci huɗu ne, ina za mu haɗu?

Ga inda muka haɗu, teburi na sha huɗu, kusa da taga.

Shekara biyu ke nan da Dogo ya shigo kemis ɗin da nake aiki yana neman maganin jiri na tafiyar ruwa. Na tambaye shi ko tafiya zai yi, ya ce a'a, aikinsa ke nan. Na yi dariya har sai da mai kemis ɗin ya leƙo. Ma'aikacin jirgi guda, ruwa yana juya masa ciki! Washegari ya dawo sayen maganin da ya riga ya saya.

Da maganar ta kai gaban Baba, tambaya ɗaya ya yi.

"Wata nawa yake yi a ruwa?"

"Takwas, Baba."

"To wannan ai baƙo ne, Auta. Ba na ba baƙo 'yata."

Shi ke nan. Bai yarda ya zo gaisuwa ba, ko hotonsa bai yarda ya kalla ba. A gidanmu sunansa ɗan jirgi, kuma ba a ambatonsa in Baba yana falo. Gwaggo kuwa tun daga ranar ta fara zuwa mana da Likita kowane mako, har da ledar lemo.

Daga wannan daren na farko Dogo ne mai kula da teburinmu. Haka tsarin jirgin yake, teburi ɗaya, ma'aikaci ɗaya, ƙarfe shida da rabi na yamma kullum har a sauka. Akwai kuma dokar da ya sha faɗa min: ma'aikacin da aka kama yana hulɗa da fasinja, a tasha ta gaba za a sauke shi da jakarsa.

Don haka ni ce "ranki ya daɗe", shi kuma "malam".

Gwaggo ta sa shi a gaba tun rana ta biyu. Ruwa ya yi sanyi. An canza, ya yi ɗumi. Kifi bai gasu ba. Burodi ya bushe. Ba ta kiransa da baki, yatsa take ƙyasta masa. A rana ta uku ta ture cokali da gwiwar hannu ya faɗa ƙarƙashin tebur, ina kallonta.

"Ɗauko."

Ya durƙusa a gabanmu duka, ya laluba, ya ɗauko, ya kawo mata wani sabo a kan faranti.

Zan faɗi gaskiya, ko da ba za ta yi min kyau ba. A wannan lokacin kunya na ji. Kunyar ganin wanda nake so a durƙushe kusa da takalmin Gwaggo, ga Likita a gefe yana gyara agogon hannu. Ba a yi minti ɗaya ba kunyar ta juyo kaina. Mutum yana aikinsa na halal, bai ɗaga murya ba, bai ɓata rai ba, ni da nake zaune ina cin abin da ya ɗauko ni ce mai jin kunya? Na ture farantina gefe.

Baba kuwa shiri suka yi da shi. Dogo ya san ba ya cin gishiri, ya san yana shan magani kafin abinci, kullum zai tarar da ruwan ɗumi a gefen dama. Baba kan ja shi da hira a kan injin jirgi, da yadda ake girka wa mutum dubu uku abinci a rana.

"Dogo, awa nawa kake yi a tsaye?"

"Sha ɗaya, ranka ya daɗe. Wata rana sha biyu."

"Ƙafafun ba sa ciwo?"

"Suna yi. Sai dai ba a gaban baƙi ba."

Baba ya yi dariya. Ni dai na sunkuyar da kai, don ko sunan da ya laƙaba masa irin nawa ne sak, kuma ban san ko in yi murna ko in ji tsoro ba.

Likita ba mugun mutum ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Kwana biyu ya yi a kwance ruwa yana wahalar da shi, da ya tashi kuma sai labarin sabuwar motarsa. A rana ta huɗu muna layin ɗibar abincin rana ya ciko faranti ya miƙo min.

"Auta, ɗanɗana wannan ki ji. Jatan lande ne, sun iya soya shi."

Na tsaya ina kallonsa.

"Yaya Likita, a gabanka fa aka ɗauke min miya."

"Af! Wallahi na sha'afa."

Baba yana bayanmu a layi, riƙe da farantinsa.

Sau ɗaya tak muka yi magana da Dogo a kwana bakwai ɗin. Safiyar rana ta biyar ce, na hau sama wajen shan shayi, mutane ba su fito sosai ba. Yana jera kofuna. Na je na tsaya kamar mai neman sukari.

"Nawan..." na kira shi a hankali.

"Kada ki kalle ni, 'yar kemis. Kalli kofi."

Na kalli kofi.

"Ka rame."

"Ke kuma kin ƙara kyau, abin haushi. Kwana biyar ina zuba ruwa a kofi ban san yadda bai zube a jikin mutane ba."

Na yi dariya, dariyar ta koma kuka ban shirya ba.

"Ka yafe min abin da Gwaggo take yi maka."

"Na ga waɗanda suka fi ta. Akwai wanda ya taɓa mayar min da ƙanƙara wai ta yi sanyi." Ya ajiye kofin hannunsa. "Abu ɗaya nake so in sani. Da kika gan ni a durƙushe, kin ji kunya?"

Da na iya ƙarya da na yi.

"Na ji... na ɗan lokaci. Daga baya na ji kunyar kaina."

Ya jinjina kai.

"Na gode da ba ki ɓoye ba. Aikina ke nan, masoyiya. Ba zan ce miki ni kyaftin ba ne."

"Ban ce ina son kyaftin ba. Kai nake so."

Ya miƙo min tawul ɗin hannunsa in share hawaye. Na karɓa, na haɗa da yatsunsa na riƙe. Bai fi ƙiftawar ido uku ba.

Ashe ya ishi Gwaggo, wadda take bayan wata tukunyar fulawa da wayarta.

Ba ta ce min komai ba sai ranar da muke haɗa kaya. Ta shigo ɗakina ta rufe ƙofa, ta nuna min hoton.

"Kin ga wannan? In na tura wa kamfaninsu, ko tsintsiya ba za su sake ba shi ya riƙe ba."

"Gwaggo, me ya yi miki?"

"Ni ba abin da ya yi min. Ke nake ji wa. Kin dai gani da idonki, ɗan ɗaukar faranti ne. Ranar Lahadi in an zauna, ki faɗa wa babanki kin amince da yayanki, ni kuma in goge. In kin ƙi, ke kika sani."

"Dama kin san a nan yake?"

"Yo da wa kike tsammani ya roƙi a ba mu teburinsa? Ki riƙa sa wa wayarki makulli, 'yar nan."

Ta fita ta bar ni da rigar da nake ninkewa a hannu.

Maganar Lahadi kuwa, wata ɗabi'a ce ta Baba. Duk tafiyar da muka yi, ko ta kwana biyu ce, Lahadin da ta biyo baya sai an zauna a falo bayan abincin rana, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya fi yi masa daɗi. Ɗaya tak, ba a ƙari, ba a kuma cewa "duka". Shi kuma ya rubuta a wani tsohon littafi mai baƙin bango. Tun ina 'yar shekara tara ake yi.

Kwana uku na yi ban ci abin kirki ba. In na ce na amince, na rasa shi. In na ƙi, ya rasa aikin da yake riƙe da mahaifiyarsa da shi, kuma Baba ya ce mun haɗa baki mun mayar da shi wawa.

Lahadi ta zo. Baba ya buɗe littafi ya cire murfin biro.

"Uwargida, bismillah."

"Ni dai kwana bakwai ban kunna murhu ba," in ji Umma. "Rubuta haka, kada ka gyara min."

Aka yi dariya.

"Likita?"

"Ranar da muka sauka, Kawu. Da na taka ƙasa na ji ba ta motsi."

Aka sake dariya. Baba ya juyo gare ni.

"Auta?"

Gwaggo ta ɗora wayarta a cinya, ta ɗan kaɗa min ita.

Na buɗe baki in faɗi abin da take so, wallahi na buɗe. Sai na tuna shi a durƙushe yana laluben cokali bai ɓata rai ba, da yadda ya ce ya gode da ban ɓoye ba.

"Baba, abin da ya fi min daɗi... na ga wanda nake so kullum har kwana bakwai. Dogo shi ne ɗan jirgi. Ban san can za mu je ba, shi ma bai sani ba. Amma na gane shi tun daren farko na yi shiru. Ka yafe min."

Baba ya ajiye biro.

"Ka ji ko, Yaya?" Gwaggo ta miƙe tana danna waya. "Ka ji da kunnenka! Ga ma hoto, kalli hannunsu. Mai ɗauko mana cokali a ƙasa, shi take so ta kawo maka a matsayin suruki. Yau ɗin nan zan tura wa kamfanin..."

"Zauna."

Bai ɗaga murya ba. Ta zauna.

Baba ya buɗe bayan littafin ya zaro wata takarda a ninke, ya warware ta a kan tebur.

"Kun san wannan? Kwafin takardar da aka ce a cike kafin tafiya, ta abincin da kowa ba ya ci. Ni na cike ta da hannuna." Ya gyara tabarau. "Ni, gishiri. Uwargida, sukari. Ke ƙanwata, barkono. Likita, babu. Auta..."

Ya tsaya.

"Auta, babu."

Umma ta kalle shi, ta kalli takardar.

"Babu na rubuta. Da yaron nan ya ɗauke kwanon, kika ce ashe suna karanta takarda, ni na san ba a takarda ya karanta ba. Tun a lokacin na san ko wane ne."

"Baban Auta... kwana bakwai ka sani ka yi shiru?" in ji Umma.

"Kallonsa nake yi."

Ya cire tabarau ya ajiye. Ban taɓa ganin idon Baba haka ba.

"Auta, kina shekara bakwai aka ba ki jatan lande a gidan maƙwabta. Maƙogwaronki ya kumbura, numfashi ya gagara. Uwarki ce ta saɓa ki a kafaɗa ta yi asibiti da gudu, ko takalmi babu. Ni ina can wajen aikin hanya, sai bayan kwana uku labari ya same ni. Da na zo na tarar da ke da robar iska a hanci, na rantse 'yata ba za ta auri mutumin da ba ya gida ba. Dalilina ke nan. Ban taɓa faɗa wa kowa ba."

Hawaye suka fara zubo min.

"To ga ni a gida. Shekara nawa muna cin abinci a tebur ɗaya, na ɗauki biro na rubuta babu. Shi kuma wata biyar bai gan ki ba, ya hango cokali daga can ƙarshen ɗaki, ya taho da gudu ya sa aikinsa a kasada." Ya juya wajen Likita. "Kai ma na ji ka a layin abinci. Ban ga laifinka ba, ɗana, ni na riga ka."

Likita ya sunkuyar da kai.

"Gaskiya ne, Kawu. Mama, don Allah ki goge hoton nan. Ni dama ban san da shi ba."

Gwaggo ta ja tsaki, ta ce ita dai alheri take nufi, gobe kada a zo ana kuka. Amma ta goge, Baba ya sa ta nuna masa ta goge.

"Safiyar da za mu sauka na tare shi," Baba ya ci gaba. "Na ce masa na san ko shi wane ne. Na ce, in na ba ka ita za ka bar ruwa? Na ɗauka zai ce e, kowa ma haka zai ce. Sai ya ce min saura zango biyu a yarjejeniyarsa, bayan nan yana neman aiki a otal a kan tudu, amma ba zai yi min alkawarin abin da bai riƙe a hannu ba."

"Me ka ce masa, Baba?"

"Na ce ya kawo min ruwan ɗumina, lokacin magani ya yi."

Umma ta yi dariya tana share ido da gefen mayafi.

Baba ya ɗauki biro, ya ja layi a kan "babu", ya rubuta "jatan lande" da manyan baƙaƙe, duk da tafiyar ta riga ta wuce. Sannan ya jawo littafin.

"Saura nawa. Abin da ya fi min daɗi a tafiyar nan, kwanon miyar da aka ɗauke daga gaban 'yata." Ya rubuta, ya rufe. "In ya sauka ki ce ya zo cin abincin rana. Ya zo da mahaifiyarsa."

Na durƙusa na kifa kaina a gwiwarsa ina kuka.

"Tashi, tashi, kin jiƙa min wando."

Bayan wata uku Dogo ya sauka. Ya zo da mahaifiyarsa, sanye da riga mai ruwan toka wadda guga ta kwanta mata, sai zufa yake yi ga fanka tana juyawa. Na leƙo ta labule na yi masa gwalo, ya yi kamar bai gani ba.

Aka zauna a tebur. Umma ta fito daga kicin da babban tire, kafin kowa ya motsa Dogo ya miƙe zumbur ya tare ta, hannu ɗaya a baya. Jiki ya saba.

"Ina za ka?" in ji Baba.

"Zan karɓa mata ne, ranka ya daɗe."

"Koma ka zauna."

Baba ya tashi da kansa, ya karɓi tiren daga hannun Umma, ya zagayo a hankali yana lura kada miya ta zube.

"Ikon Allah!" in ji Umma. "Shekara arba'in ban taɓa ganin mutumin nan ya ɗauki ko cokali ba."

Baba bai kula ta ba. Ya ajiye faranti a gaban Dogo, ya gyara masa cokali a dama, ya zuba masa ruwa.

"Kwana bakwai kana tsaye a kaina, ɗana. Yau kai za ka zauna."

Dogo ya kalli farantin, ya kalle ni. Mutumin da bai taɓa zubar da ɗigon ruwa a gaban baƙi ba, sai ga hannunsa ya kasa riƙe kofi.